Renon 'yan tsaki da 'ya'yan agwagwa a ɗaki ɗaya: yana yiwuwa ko kuwa?

Uwargida daga Funtuwa:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana masu kiwo. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya taso mini ba shiri. Na biya kuɗin 'yan tsaki 30 'yan kwana ɗaya waɗanda za su iso ranar Alhamis in Allah ya yarda, sai ga shi agwagwar maƙwabciyata ta ƙyanƙyashe 'ya'ya 9, mota kuma ta take uwar washegari. Da yake ta san na riga na shirya ɗakin reno, sai ta kawo mini su a kwali ta ce in riƙa, in sun girma mu raba. Ɗaki ɗaya gare ni, kaskon gawayi ɗaya, buhun abincin 'yan tsaki ɗaya, ga shi kuma sanyin hunturu ya fara shigowa. Shin zan iya haɗa su wuri ɗaya, su ci abinci ɗaya, su sha ruwa ɗaya, ko kuwa akwai haɗarin da ban hango ba?

Dattijo daga Haɗejiya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, domin mu nan tun muna yara kaji da agwagi da zabi a tsakar gida ɗaya suke kiwo, tsaba ɗaya ake watsa musu, kuma ba mu ga wani ya cinye wani ba. Har ƙwan agwagwa akan sa wa kaza ta kwanta a kai, duk da cewa ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na irin agwagwarmu ta gida kuwa sai ya kai kwana 35, abin da ya sa ba kowace kaza ke da wannan haƙurin ba. Wadda ta jure ta ƙyanƙyashe, za ki ga 'ya'yan sun nufi kududdufi sun faɗa, ita kuma tana kai da kawo a bakin ruwa tana ƙyarƙyara, ta kasa shiga ta kasa tafiya. Ki haɗa su, Allah ya raya.

Mai kiwo a Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ina ganin akwai bambanci tsakanin tsakar gida da ɗakin reno. A tsakar gida ƙasa ce ke shanye ruwan da agwagwa ta zubar, rana ta busar da sauran, kowane tsuntsu kuma yana da uwar da zai shige ƙarƙashinta idan ya ji sanyi. A rufaffen ɗaki kuwa duk ruwan da ya zube yana nan cikin shimfiɗa, kuma waɗannan marayu ne baki ɗayansu. Hajiya, matsalarki ta farko ruwa ce, tun kafin a zo maganar abinci. Ɗan tsako tsoma bakinsa yake yi ya ɗaga kai ya haɗiye, shi ke nan. Ɗan agwagwa kuwa yakan cika baki da abinci, ya ruga wurin ruwa ya tsunduma bakin gaba ɗaya, ya kaɗa kai, ya dawo, kuma haka zai yini yana yi, ta yadda kafin azahar hanyar da ke tsakanin mazubin abinci da na ruwa ta zama caɓi, ruwan shan ma ya koma kamar kunun dusa. Ba wasa ne ke sa shi haka ba, yana bukatar ruwan ne domin ya haɗiye busasshen abinci, ya kuma wanke ƙofofin hancinsa da idanunsa. Saboda haka ba a barin abinci a gabansu babu ruwa, don suna iya shaƙewa.

Uwargida daga Funtuwa:
Na gode, Baba, na gode, Malam. To idan haka ne, in ajiye musu faranti mai zurfi su riƙa shiga, 'yan tsakin kuma in ba su nasu mazubin na roba da na saya?

Mai kiwo a Zariya:
A'a, Hajiya, kada ki sa buɗaɗɗen ruwa a ɗakin da akwai ɗan tsako ɗan kwana ɗaya. Ruwan da bai kai zurfin gaɓar yatsa biyu ba ya isa ya kashe shi, ko dai ya nutse, ko kuma ya jiƙe sanyi ya ƙarasa shi kafin gari ya waye. Su kansu 'ya'yan agwagwan ba su kai shiga ruwa ba tukuna, domin gashinsu na farko yana saurin jiƙewa, kuma ba su da uwar da za ta ɗumama su idan sun fito. Abin da nake yi shi ne in sami jarkar roba mai cin lita 4 ko 5, in wanke ta tas, in yanka ƙofofi a gefenta daidai tsayin bayan ɗan agwagwa, kowace ƙofa ta isa kai ya shiga amma jiki ba zai bi ba. A kwanakin farko ina zuba tsakuwa mai tsabta a gindin jarkar saboda ko da ɗan tsako ya kutsa ya sami abin takawa. Daga nan sai in ɗora jarkar a kan faffaɗan tire wanda na rufe da ragar waya mai ƙananan idanu, duk abin da ya zube ya sauka cikin tiren, in zubar safe da yamma. Idan sun ƙara girma sai a sake wata jarkar mai ƙofofi a sama kaɗan. Ki kuma nisanta wurin ruwan daga kaskon wuta da wurin kwana, ya zama can a kusurwa.

Likitan dabbobi:
Ina goyon bayan Malam a kan ruwa, kuma ina so in bayyana dalilin da ya sa jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ta fi cutar da kaji fiye da agwagi. Ƙwayoyin cutar zawon jini, wadda muke kira koksidiyosis, suna fita ne cikin kashin kaza, kuma ba sa iya kama wata kazar sai sun sami danshi da ɗumi sun nuna a ƙasa. Ɗakin reno yana da ɗumi dama, to idan agwagwa ta kawo danshin, an haɗa musu duk abin da suke bukata. Irin da ke kama kaza ba shi ne ke kama agwagwa ba, don haka za a wayi gari 'yan tsaki suna tsaye sun saki fukafukai suna kashi da jini, agwagin da suka jiƙa wurin kuwa lafiyarsu ƙalau. Ban da wannan, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana tayar da warin amoniya mai ƙona ido da hanyar numfashi, tana kuma yin hunhuna, wadda idan ƙananan tsuntsaye suka shaƙe ta sai ka ga suna miƙa wuya suna buɗe baki suna neman iska, kuma wannan ciwon da wuya magani ya yi masa amfani. Ki shimfiɗa ɓuntun shinkafa busasshe ko burbushin katako mai kauri, ki riƙa kwashe duk inda ya jiƙe nan take. Ki guji garin katako mai laushi domin suna cinsa, ki kuma guji leda ko daɓen siminti mai santsi, saboda ƙafafun ƙananan tsuntsaye suna buɗewa a kai su kasa tsayuwa.

Game da abinci kuwa, amsar a taƙaice ita ce suna iya cin abu ɗaya a makonni biyu na farko, muddin abincin farko ne na 'yan tsaki mai furotin kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari. Abin da ba za a ba kowannensu ba shi ne abincin kaji masu ƙwai, domin sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari, kuma ƙodar ƙaramin tsuntsu ba ta iya ɗaukar wannan. Sai dai akwai giɓi guda da ya kamata ki sani. Agwagwa ta fi kaza bukatar wani bitamin mai suna nayasin. Ma'aunin da aka saba aiki da shi yana ba ɗan agwagwa kimanin miligiram 55 a kowane kilo na abinci, ɗan tsako kuwa tsakanin 27 da 35. Masara, wadda ita ce mafi yawa a abincin kaji, tana da nayasin amma a ɗaure yake, jikin tsuntsu ba ya iya amfana da yawancinsa. Idan ɗan agwagwa bai samu isasshe ba, wajen mako na biyu ko na uku za ki ga ƙafafunsa sun fara gwamewa, gwiwar ta kumbura, yana tafiya kaɗan ya zauna. Wasu kamfanonin suna zuba bitamin fiye da ƙa'ida, shi ya sa wani ke reno bai taɓa ganin matsalar ba, amma ba za ki gane haka daga kallon buhu ba. Mafi sauƙi shi ne ki sayi garin bitamin na kaji wanda ake narkawa a ruwa, ki duba jikin takardar ki tabbatar akwai nayasin a ciki, ki bi awon da aka rubuta. Ba zai cutar da 'yan tsakin ba.

Hajiya daga Maraɗi:
Likita, barka da ƙoƙari. Mu a nan ba kullum ake samun wannan garin bitamin ɗin a kusa ba, kuma na ji an ce gyaɗa tana da wannan sinadarin da yawa. Ni dai nakan daka ƙuliƙuli in gauraya wa 'yan tsakina da dusa da gero, suna kuma yin ƙiba sosai. Me zai hana ƙanwata ta yi haka ta huta da sayen magani?

Likitan dabbobi:
Hajiya, gaskiya ne gyaɗa tana da nayasin mai yawa, amma a nan ne nake roƙon a yi taka-tsantsan ƙwarai, domin abin da kaza ta ci ta tashi yana iya kwantar da ɗan agwagwa. Gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba, ko aka ajiye su a wuri mai danshi, suna yin wata hunhuna da ke fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma soyawa ba ta kawar da ita. A cikin tsuntsayen gida babu wanda wannan gubar ta fi saurin kamawa kamar ɗan agwagwa, kaza kuwa tana cikin masu juriya. Ta dalilin kiwon tsuntsaye ma aka gano gubar. A shekarar 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar daga tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ne, kuma a daidai wannan lokacin 'ya'yan agwagwa sun yi ta mutuwa a Kenya da Yuganda saboda irin wannan abincin. Bayan haka masu bincike sun daɗe suna gwada ko abinci yana da gubar ta hanyar ba 'ya'yan agwagwa 'yan kwana ɗaya, saboda su ne ke fara nunawa. To mun san cewa ba kowane mai yin ƙuliƙuli ke tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba. Idan ke kika noma gyaɗarki, kika shanya ta da kyau, kika tsince ta da hannunki, wannan daban. Na kasuwa wanda ba a san asalinsa ba, ban yarda a ba ɗan agwagwa ɗan mako ɗaya ba. Idan bitamin ɗin bai samu ba, garin busasshen kifi kaɗan ya fi aminci. Haka nan buhun abincin kansa a ɗora shi a kan katako, a nesa da bango, kuma idan ya dunƙule ko ya canza wari a zubar da shi.

Hajiya daga Maraɗi:
Allah ya saka da alheri, Likita. Wannan bayani zan kai wa matan unguwarmu, domin da yawa suna haɗa abincin da kansu.

Matashi mai koyon kiwo:
Likita, ina da tambaya a kan wannan. Na sha jin ana cewa abincin 'yan tsaki mai maganin zawon jini a ciki guba ne ga agwagwa. Idan haka ne, ai Anti ba za ta iya ba su buhu ɗaya ba ke nan.

Likitan dabbobi:
Maganar ta samo asali ne daga wasu tsofaffin magunguna, da kuma cewa ɗan agwagwa ya fi ɗan tsako ci, don haka yana kwasar magani fiye da shi. Amfuroliyam, wanda aka fi sani a yau, ba a ga yana cutar da su a awon da aka saba zubawa ba. Duk da haka agwagwa ba ta bukatarsa, kuma ba kowane buhu ke bayyana irin maganin da ke ciki ba. Idan an sami marar magani a ba agwagin shi, idan ba a samu ba, na makonni biyu ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake zubawa a ruwan sha, domin agwagwa tana shan ruwa ninkin abin da kaza ke sha, kuma awon kaza aka yi lissafi da shi.

Malamin gona daga Kano:
Ina so in kawo wani ɓangare da ba a taɓa ba, kuma ina ganin ya fi duk sauran nauyi. Waɗannan 'ya'yan agwagwa daga uwa mai yawo a unguwa suka fito, 'yan tsakin kuwa daga injin ƙyanƙyasa za su zo, ba su taɓa haɗuwa da wata cuta ba. An san agwagi da ɗaukar cutar Niyukasul, wata annoba mai kashe kaji, da kuma murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama sosai ba, kaza kuwa ta kwana ta mutu. Ba mu manta da watan Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'in a kajin gona a Afirka, kuma kafin watan ya ƙare aka same ta a agwagin gida a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Ta sake dawowa Kano a farkon 2015. Ga shi kuma hunturu ne, lokacin da Niyukasul ke share akurkin mutane. Ni a ra'ayina, bai kamata su kwana ɗaki ɗaya ba ko na dare guda.

Dattijo daga Haɗejiya:
Malam, maganarka ta masu gona ce, kuma ban raina ta ba, domin mu da ke kusa da fadamar da tsuntsayen ƙetare ke sauka duk shekara mun fi kowa jin wannan gargaɗin. Amma baiwar Allah nan ta ce ɗaki ɗaya gare ta da kasko ɗaya. Idan aka ce kada su kwana tare, to an ce ta bar marayu 9 a sanyi ke nan. A ba ta shawarar da za ta iya aiki da ita.

Malamin gona daga Kano:
Baba, kwali babba da fitilar ƙwai a wani lungu na gidan sun isa 'ya'yan agwagwa 9 a makon farko, ba sai an gina ɗaki ba. Ai su ba su kai kaji bukatar zafi ba, kuma sun fi su saurin barin wuta.

Likitan dabbobi:
Kowannenku yana da hujja. Ga mai kaji ɗaruruwa, ba na ma yarda agwagwa ta shiga harabar gonar, kuma a wannan ba ni da sassauci. Ga mai tsuntsaye 39 a cikin gida, inda kajin maƙwabta ke shigowa tsakar gida kullum, rabawar tana rage haɗari ne kawai, amma ragewar ma abin nema ce. Tunda akwai sauran kwanaki kafin Alhamis, Hajiyar Funtuwa ta riƙa lura da agwagin, duk wanda ya yi sanyi, ko yake zawo, ko ido yake ruwa, kada ya kusanci 'yan tsakin. Idan za ta iya bin shawarar kwali da fitila, ita ce ta fi. Idan ba hali, ta raba ɗakin biyu da ragar waya, kaskon ya kasance a wajen 'yan tsaki kusa da ragar, agwagin su sami zafinsa daga ɗaya gefen. Kada a ɗauka raga tana tare cuta, abin da take tarewa shi ne ruwa da tattakewa. 'Yan tsaki suna son zafin kimanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyas a makon farko, a riƙa ragewa da kimanin digiri 3 kowane mako, agwagi kuwa ƙasa da haka kaɗan ya ishe su. Ko babu ma'auni tsuntsayen za su nuna: idan sun cure a jikin wuta suna kuka sanyi ne, idan sun gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Kuma a bar wata kafa ta sama a buɗe saboda gawayi, domin iskarsa tana kashe tsuntsu da mutum ba tare da an ji wari ba.

Akwai kuma dalilin rabawa da mutane ke mantawa, wato rigakafi. Na cutar Gumboro da na Niyukasul galibi a ruwan sha ake ba su, bayan an janye ruwa na awa ɗaya ko biyu don kajin su ji ƙishi. Idan agwagi suna ciki, su ne za su fara isa mazubin, su sha rabi su zubar da rabi, a tashi ana zaton an yi wa kaji rigakafi alhali yawancinsu ba su sami ko ɗigo ba.

Mai kiwo a Zariya:
Wannan haka yake. Kuma ko da an fara tare, ba a wuce mako biyu, iyaka uku. A lokacin ɗan agwagwa ya yi wa ɗan tsako nisa a girma, faffaɗar ƙafarsa idan ta sauka a kan wanda ke barci sai an ɗaga gawa, kuma a wurin cin abinci ture su yake yi. A daidai nan ne ma abincin nasu ke rabuwa, domin agwagwa ana sauko mata da furotin zuwa kashi 16 ko 18, a ƙara mata ganye yankakke irin su latas da zogale tare da ɗan yashi mai tsakuwa don niƙa. Idan aka ci gaba da ɗura mata abinci mai ƙarfi, girman yakan yi sauri har ƙarshen fiffike ya murɗe ya kalli waje, kuma idan ya ƙafe a haka ba ya komawa. Can gaba kuma, idan an sami toro a cikinsu, a raba masa makwanci da kaji mata, domin idan ya bi kaza yana iya yi mata mummunan rauni.

Uwargida daga Funtuwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ya albarkaci dukiyarku. Ga abin da na tsayar: agwagin za su zauna a kwali da fitila a ɗakin ajiya har mako guda ina lura da su, daga nan in mayar da su bayan raga a ɗakin reno, da jarkarsu a kan tire kamar yadda Malam na Zariya ya kwatanta. Abinci buhu ɗaya ne, zan nemo garin bitamin gobe, ƙuliƙuli kuwa na ajiye shi gefe. Saura tambaya ɗaya, Likita: yaushe zan bar su su fara wanka?

Likitan dabbobi:
Daga mako na biyu, da tsakar rana idan iska ta kwanta, a faranti marar zurfi wanda suke iya tsayawa a ciki su kuma fita da kansu, da ruwa mai ɗumi, na 'yan mintuna kaɗan kina tsaye a kansu. Ki tsane su da tsumma ki mayar da su kusa da wuta. Ba za a sake su ga ruwa yadda suke so ba sai gashin manya ya rufe musu ƙirji da ciki, kuma a irin agwagwar gida wannan yakan kai mako shida ko fiye. Ruwan wankan kuma a zubar da shi can bayan gida, inda 'yan tsakin ba za su kai ba idan sun fara fitowa.